MAJUSAWA A TAKARDA DA A MAJIGI: Nazari a Kan Waɗansu Littattafai da Finafinan Tarihin Mutanen Arewacin Turai

1. Gabatarwa

Na san ba za a rasa wanda zai dubi kan wannan takarda ya ce, me ya haɗa taron nazarin Hausa da mutanen ƙasashen ƙanƙara ba. Amsar tana cikin kalma guda ɗaya. A cikin shekarar 844, zamanin Sarki Abdurrahman na Biyu na Ƙurɗuba, waɗansu mahara suka hauro kogi cikin jiragen ruwa, suka faɗa wa birnin Ishbiliya na ƙasar Andalus, suka kashe na kashewa, suka kame na kamewa. Marubutan Larabci na Andalus sai suka kira su al-majus. Wannan kalma kuwa ita ce masana da dama suke ganin ta zama tushen kalmarmu ta Bamaguje, jam'i Maguzawa. Watau ke nan, malamin Ƙurɗuba da malamin Kano, ko da yake ba su san juna ba, sun ɗauko suna ɗaya daga littattafan fiƙihu, wancan ya laƙaba wa maharan teku, wannan ya laƙaba wa maƙwabcinsa manomi wanda bai karɓi salla ba.

Maharan nan su ne Turawa ke kira Baikin, kakannin mutanen Norwe da Suwidin da Danmak da tsibirin Aisland. Ɗalibanmu sun san su, har sun fi yawancin malamansu saninsu, domin kuwa a Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu saurayi yakan kai wayarsa shagon masu tura finafinai a zuba masa labarinsu kashi-kashi. Na taɓa tambayar wani aji da nake koyarwa ko wane ne Ragnar, sai ga hannuwa ko'ina. Da na tambayi ko wane ne Kanajeji, sai aka yi tsit. Wannan ne ya sa na koma ga littattafan da aka ce daga cikinsu aka ɗebo finafinan, na karanta su cikin fassarar Ingilishi, don haka sai a yi mini uzuri kan abin da fassara ta ɓoye. Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, littattafan da mutanen nan suka rubuta game da kakanninsu sun fi kama da Tarihin Kano a kan yadda suka yi kama da finafinan da aka yi da sunansu, kuma matsalar da marubutansu suka fuskanta ita ce tamu: ta yaya mai sabon addini zai ba da labarin kakan da ya mutu a kan tsoho?

2. Idon baƙo

Mafi cikar bayanin da aka samu daga wanda ya ga mutanen nan da idonsa tun suna kan tsafi, wani Musulmi ne ya rubuta shi. Ahmad ibn Fadlan ya tashi daga Bagadaza a shekarar 921 cikin ayarin da Halifa Muƙtadir ya aika wa sarkin Bulgar na bakin kogin Bolga, wanda ya roƙi a turo masa mai koyar da addini, a kuma taimaka masa ya gina masallaci da ganuwa. Ayarin ya isa a 922. A can ne Ibn Fadlan ya tarar da fataken da ya kira Rus. Masana suna saɓani kan ko Rusawan nan zallar mutanen Arewa ne ko sun riga sun cuɗanya da ƙabilun yankin, amma kasuwancin da ya kawo su ba abin musu ba ne. A shekarar 1999 an tono wata taska a Spillings, cikin tsibirin Gotland na Suwidin, mai nauyin azurfa kusan kilo 67, da tsabar kuɗi fiye da 14,000, mafi yawansu dirhamin ƙasashen Musulmi ne masu rubutun Larabci.

Ibn Fadlan ya yaba surarsu, ya kamanta tsawonsu da itacen dabino, sa'an nan ya yi tir da ƙazantarsu, musamman yadda suke wanke fuska da fyace hanci a ƙwarya guda, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mutumin da ya saba da alwala sau biyar. Inda darajar Risalarsa take shi ne wurin jana'izar wani shugabansu. Ya ji labarin suna ƙona manyansu, ya ƙi dogara da jita-jita, ya je ya tsaya da tafintansa. Ya bayyana yadda aka jawo jirgin mamacin tudu, aka yanka kare da dawaki da shanu, aka shayar da wata baiwa giya, sa'an nan wata tsohuwa da suke kira Mala'ikar Mutuwa ta kashe ta a gefen ubangijinta, aka cinna wuta. Duk abin da bai gane ba sai ya tambayi tafinta. Har ya rubuta gorin da wani Barushe ya yi masa, cewa Larabawa ne wawaye da suke binne masoyinsu ga tsutsa. Marubuci mai son kai da ya share wannan gori. Shi ya bar shi.

A shekarar 1976 Michael Crichton, Ba'amurke, ya fitar da ƙagaggen labari mai suna Eaters of the Dead. Ya ɗauki babukan farko daga Risala, sauran kuwa ya gina su a kan Beowulf, tsohuwar waƙar Ingilishi, ya kuma cika gindin shafuka da bayanai irin na masana, waɗansu na gaske, waɗansu na ƙirƙira. Daga baya shi da kansa ya amsa cewa ya kasa rarrabe waɗansunsu. Daga littafin aka yi fim ɗin The 13th Warrior a 1999. Ba zan hana fim ɗin haƙƙinsa ba: ba kasafai Amurka ke yin fim wanda jaruminsa Musulmi ne mai ilmi ba, kuma wurin da shugaban mayaƙan ya nemi baƙon ya zana masa magana a ƙasa, ya rubuta kalmar shahada, wuri ne mai kyau. Amma a dubi abin da aka yi wa mutumin. Ibn Fadlan na tarihi jakada ne wanda aka ɗora wa karanta wasiƙar halifa da kula da malamai. Na fim kuwa mawaƙi ne da aka kora daga Bagadaza saboda matar wani. Akwai wurin da ya ƙi giya, aka ce masa ai ta zuma ce, sai ya sha, alhali ko ɗan makarantar allo ya san hukuncin yana bin maye ne. Abin da ya fi wannan muni a wajen manazarci shi ne, na tarihi ya je ne ya gani ya tambaya, na fim kuwa an kai shi ne don a koya masa zama namiji da takobi. An karɓe masa alƙalami, an kuma kawo waɗansu mutanen kogo masu cin naman mutane domin a sami wanda za a sara.

3. Alƙalamin jika

Littattafan da mutanen Arewa suka rubuta da kansu, mafi yawansu a Aisland aka yi su, tsibirin da aka fara zama a cikinsa wajen shekarar 870. Mazaunansa ba su naɗa sarki ba. A wajen 930 suka kafa taron shekara-shekara mai suna Althing, inda ake karanto doka da ka, ake kuma yanke shari'a. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ba masu tsafin ne suka rubuta littattafan ba. Jikokinsu ne Kiristoci, bayan shekara ɗari biyu zuwa ɗari uku.

Na farko shi ne Ari Thorgilsson, wani limamin coci da ya rubuta ɗan taƙaitaccen tarihin tsibirin tsakanin 1122 da 1133. Duk wanda ya karanci hadisi zai gane hanyarsa, domin yakan ambaci wanda ya ba shi labari, da wanda shi kuma ya ji daga gare shi, har da wata dattijuwa mai suna Thurid da ya yaba wa sani da gaskiya. Shi ya kawo labarin shigar addinin Kirista a shekarar 999 ko 1000. Jama'a sun rabu biyu a Althing, ana shirin zub da jini, sai aka miƙa hukunci ga Thorgeir, mai riƙe da doka, wanda shi kansa mai tsafi ne. Ya lulluɓa da mayafinsa yini da kwana bai yi magana ba. Da ya tashi sai ya yanke cewa kowa ya bi sabon addini domin kada doka ta rabu biyu, amma wanda ya so ya yi yankansa a ɓoye. A lura, limami ne ke ba da labarin, amma mai hikimar cikinsa Bamajuse ne. A gefe guda kuma, shekarar 999 ita ce lissafin Palmer ya ba Bagauda a Kano. Wannan dace ne kawai, ban gina komai a kansa ba.

Na biyu shi ne Snorri Sturluson, wanda aka haifa a 1179 aka kashe a 1241. Ya ga matasan mawaƙa sun fara kasa gane tsofaffin waƙoƙi, saboda kirarin cikinsu duk ya rataya ne a kan labarin gumaka, sai ya rubuta Edda wajen 1220 ya tattara labaran. To, yaya Kirista zai rubuta labarin Odin da Thor ba a ce ya yi ridda ba? Dabararsa ita ce ya ce ai mutane ne, sarakai masu wayo da suka taso daga birnin Taroyi na gabas, jahilai suka mai da su abin bauta. Mai sauraro zai tuna da Bayajida da aka ce ya taso daga Bagadaza. Al'ummar da ta shiga addinin littafi takan nemar wa kakanninta asali daga gabas, inda littafin ya fito. Idan mun gane wannan a wurin Snorri ba tare da mun kira shi maƙaryaci ba, bai kamata mu tsaya muna gardama kan ko Bayajida ya taɓa ganin kogin Dijla ba. Abin tambaya shi ne wace bukata labarin ya biya.

Na uku, wanda na fi so in daɗe a kansa, shi ne labarin Njal, wanda wani da ba a san sunansa ba ya rubuta wajen 1280. Yana ɗaya daga cikin labarai kusan 40 da ake kira saga na iyalan Aisland, kuma mutanen cikinsu manoma ne masu tumaki da ciyawa. Njal masanin doka ne, ba shi da gemu, ba ya yaƙi. Amininsa Gunnar shi ne jarumi. Rigimar ta faro ne daga matansu biyu, kan wurin zama a wajen biki, abin da duk wanda ya taɓa raba faɗan gidan suna zai fahimta. Wannan ta sa a kashe bawan waccan, waccan ta rama. Mazajen kuwa duk shekara sai su haɗu a Althing su biya juna diyya, har azurfar da Gunnar ya biya bara ita Njal ya mayar masa bana. Ana hawa daga bawa zuwa ɗa, daga ɗa zuwa dangi, diyya tana ƙaruwa, haƙuri yana raguwa. Gunnar ya mari matarsa saboda ta sa an yi sata. Ranar da maƙiya suka kewaye gidansa, tsarkiyar bakansa ta tsinke, ya roƙi ta ba shi gashin kanta ya murɗa, sai ta tuna masa marin ta hana.

Ƙololuwar labarin ma a wurin sulhu take. 'Ya'yan Njal sun kashe wani mutumin kirki, an yanke diyya ninki uku, an tara azurfar. Njal ya ɗora wata rigar siliki a kan tarin don ƙarin alheri. Flosi, wanda zai karɓa, ya ɗauki rigar cin fuska ce, ya yi gorin rashin gemu, ɗan Njal ya mayar da abin da ya fi shi zafi, sulhu ya watse. Flosi ya zo da mutum ɗari suka sa wa gidan wuta. An ba tsohon da matarsa damar fita, suka ƙi, suka kwanta da jikansu a tsakiya aka lulluɓe su da fatar sa. Bayan wannan marubucin ya kwashe babi bayan babi yana kawo shari'ar da aka yi, da kalmomin ƙara, da rantsuwar shaidu, da yadda ƙarar ta rushe saboda kuskure kan adadin alƙalai. Mai karatu na yau yakan ƙosa a nan, ni ma na ƙosa. Amma nan ne zuciyar littafin, domin tambayarsa ita ce ko doka za ta iya tsayar da ramuwar gayya a ƙasar da ba ta da sarki. A ƙarshe Flosi da Kari, surukin Njal da ya tsira daga wutar, kowannensu ya je Rum neman gafara, suka dawo suka shirya.

A ajiye wannan kusa da Tarihin Kano, wanda mafi yawan masana ke ganin an harhaɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19, Palmer ya fassara shi a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Marubucinsa Musulmi ne na bayan jihadi, amma ya buɗe da Barbushe da Tsumburbura, ya lissafa manyan Dala da sana'ar kowannensu. Ya faɗi zuwan Wangarawa zamanin Yaji, sa'an nan ya faɗi yadda ɗansa Kanajeji, da yaƙin Zazzau ya gagare shi, ya koma ga Sarkin Tsibiri, aka kuwa ci nasara. Bayansa sai Umaru, malami, wanda ya ajiye sarauta. Marubucin ya jera su duka ba tare da ya tsaya yin wa'azi a tsakani ba. Wannan kamun kai shi ne na Ari da na marubucin Njal. Jika ne ke rubutu, ya bar addinin kakan, amma bai yarda a mai da kakan dabba ba.

4. Abin da majigi ya ɗauka

Shirin talabijin na Vikings, wanda Michael Hirst ya rubuta aka nuna daga 2013 zuwa 2020, shi ne ɗalibaina suka sani. Ya sa Ragnar ya jagoranci harin Lindisfarne na 793, ya kuma mai da Rollo ɗan'uwansa, alhali Rollo sai a 911 ya sami ƙasar Normandi daga sarkin Faransa. Murɗa shekaru ba shi ne babban laifi ba, kowane mai ƙaga labari yana yi. Abin lura shi ne me aka zaɓa. An ɗauko ƙwaryar wanke fuska da kisan baiwa daga Ibn Fadlan, aka ɗauke su daga bakin Bolga aka dasa a Arewa, watau an fifita abin da baƙo ya gani ya yi ƙyama a kan abin da 'yan gida suka faɗa game da kansu. The Northman na Robert Eggers, na 2022, ya fi shi bincike nesa ba kusa ba. An rubuta shi tare da Sjón, marubucin Aisland, bisa labarin Amleth da Saxo ya kawo wajen 1200, wanda shi ne asalin Hamlet. Tufafi da gidaje da bukukuwan tsafi duk an yi su da kula. Duk da haka ramuwa ce daga farko har ƙarshe, ba mai zaman sulhu, ba mai ƙirga diyya. Njal, tsoho marar gemu mai lissafin azurfa, ba shi da gurbi a irin wannan fim, domin na'urar ɗaukar hoto tana son gatari, mai zuba jari kuma yana son abin da za a gane a kowace ƙasa ba tare da fassara ba.

Su 'yan ƙasar ba su yi shiru ba. Halldór Laxness, wanda ya sami kyautar Nobel a 1955, ya rubuta Gerpla a 1952 da salon tsofaffin saga, ya mai da jaruman 'yan ta'adda masu kashe manoma don a yi musu waƙa. Wanda ya fi amfani gare mu kuwa shi ne Ofelaš na Nils Gaup, na 1987. Gaup ɗan ƙabilar Sami ne, makiyayan can ƙuryar arewa waɗanda gwamnatocin yankin suka daɗe suna danne harshensu a makarantu. Ya ɗauki tatsuniyar mutanensa ta yaron da mahara suka tilasta wa ya nuna musu hanya, ya kai su bakin kwazazzabo suka hallaka. Ya yi fim ɗin da harshen Sami, ya kuwa kai har jerin takarar kyautar Oscar. A cikinsa mahari ne baƙo, mai kallo kuma yana zaune ne cikin bukkar waɗanda ake kai wa hari.

5. A gida

Mu ma mun taɓa bin wannan hanya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934, wanda Adamu Halilu ya mai da fim da Hausa a 1976, labarin bauta ne daga bakin yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa. Amina na Izu Ojukwu kuwa, wanda ya fito a Netflix a 2021, yawancinsa da Ingilishi aka yi shi, kuma wanda ya kalle shi bayan Vikings zai ga inda aka koyo faɗan dandali da shigar fada. Finafinanmu na Kano, idan suka zo nuna zamanin da, sau da yawa sai a ɗaura wa mutum warki, a shafa masa gawayi, a zaunar da boka cikin jan ƙyalle yana ihu, a jira malami ya zo ya ƙone bukkar. Bamaguje na gaske manomi ne mai babban gandu, mai tsarin gado da aure da biyan haraji, kamar yadda Joseph Greenberg ya nuna a littafinsa na 1946 bayan zaman da ya yi a ƙauyukan Kano. Jikokinsa, Musulmi da Kirista, suna zaune a azuzuwanmu suna kallon yadda aka siffanta kakansu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu mutanen tsakiyar Jigawa musamman. A cikin Tarihin Kano, Dutse takan fito ne kamar yadda Rusawa suka fito a Risala, watau ta idon wani. An ambace ta lokacin da Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse, an kuma ambace ta lokacin da Kumbari ya kawo mata yaƙi a ƙarni na 18. Abin da mu muka riƙe da baki, kamar labarin maharbi Duna Magu da ake wa laƙabi Gadawur, da labaran gidajen Garu, da rigingimun gona da burtali da yadda dattawa suka sasanta su, shi ne irin kayan da mutanen Aisland suka yi saga da shi, su da yawansu a lokacin bai kai dubu ɗari ba. Yawancin abin da muke rubutawa jerin sarakuna ne da shekarunsu. A zangon karatun da ya wuce na ba ɗalibaina aikin hutu, kowa ya samo labarin wata tsohuwar rigima ta gidansu da yadda aka kashe ta, ya kuma rubuta sunan wanda ya ba shi labarin da wanda shi ya ji daga gare shi, kamar yadda Ari ya yi. Wata ɗaliba ta kawo shafi goma sha ɗaya kan rikicin wata rijiya, wanda ta ji daga kakarta, ita kuma daga kishiyar uwarta. An yi shekara bakwai ana jayayya, aka rufe da auren 'ya'yan gidajen biyu, kuma har aka gama ba wanda ya zare wuƙa.